Hannuwan Wendell

Toledo, Fabrairu

Yaya Roscoe,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar taka, ya iyali, ya Alabama? Mu nan ƙanƙara ta hana mu leƙa waje.

Jikin ƙaninka Wendell ya ƙi. Likita ya ce dukan da ya sha a ka a fagen dambe ne yake fitowa yanzu. Maganarsa sai ka kasa kunne, hannuwansa kuma sun dunƙule sun ƙi buɗuwa, ni nake ba shi abinci a baki. Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba, ɗansa Terrence ne. Ranar Asabar ya cusa shi cikin kwat, ya tura shi a keken guragu zuwa bikin buɗe wani shagon motoci. Na bi su. Yaya, da ka gani da ka yi amai. Ƙattai masu tumbi sun yi layi, kowa ya kara haɓarsa a dunƙulen hannun Wendell a ɗauke shi hoto, suna ihu, "Zakara, ba ni ɗaya a nan!" Shi kuwa yawu na zuba a wuyan rigarsa, babu wanda ya goge. Na ce, "Terrence, ba ka jin kunya?" Wai, "Gwaggo, ki bar mutane su ga gwaninsu." Mutumin da ya riƙe kambun duniya na damben masu nauyi, yau shi ake tallan tsohuwar mota da shi.

Ka zo. Kai kaɗai yaron nan yake shakka.

Ƙanwarka,
Odessa

Mobile, Maris

Dessa,

Na samu saƙonki, muna lafiya, ƙafa dai sai a hankali. Har yanzu bakinki na nan kamar reza, na gode Allah.

Ki sassauta wa yaron. Shekara da shekaru ni nake naɗe wa Wendell hannu kafin ya shiga fage, na san shi fiye da ke. Wendell tafin 'yan kallo ne abincinsa. Ki kulle shi a ɗaki da ke da miyar kazarki, cikin mako zai bushe. Zan zo da bikin Ista in ƙafa ta yarda. Ki ce masa har yanzu hagunsa ba ta da kyau, zai yi dariya.

Yayanki,
Roscoe

Toledo, Afrilu

Yaya,

Ina gaishe ka, ina yi mana ta'aziyya. Na kira gidanka jiya ba a ɗauka ba, shi ya sa na aiko wannan ta hannun direban bas. Wendell ya cika ranar Talata da hantsi, kansa a kan cinyata. Ista ta wuce ba ka zo ba, ba zan ce komai ba.

Ga abin da ke gabanmu. Terrence ya shirya da mutanen gari za a ajiye gawar a tsakiyar fagen dambe, cikin babban zauren wasanni, da alkyabbarsa ta fage da jan safar dambe a hannu, jama'a su yi ta wucewa suna kallo. Kwana kaɗan kafin ya rasu Wendell ya ja ni kusa, da ƙyar ya haɗa kalmomin. Ya ce, "Dessa, kada su sa min safa. Na gaji." Na faɗa wa Terrence, ya ce, "Gwaggo, ke kaɗai kike jin maganar Baba, mu ba ma ji?" Takardun izinin jana'izar duk suna hannunsa, ni ba ni da ta cewa.

Zauren na bar musu, su ci kansu. Safar ce ba zan yarda ba. Ka hau bas ko da rarrafe ka hana.

Odessa

Toledo, Afrilu

Roscoe,

Gaisuwa ce kawai don Mama ta koya mana.

Da na hango ka a bakin zauren da sandarka na ce Allah ya kawo mai tsawatarwa. Sai ga ka ka shige ɗakin baya da Terrence, ka fito kana dogarawa a gaban akwatin gawar, jan safa a hannuwan ɗan'uwanka, an ɗaure igiyar irin ɗaurinka. Ko a mafarki na san ɗaurinka. Kai ka sa masa!

Na zauna a can sama na ga komai. Ana sayar da gugguru. Wani ya ɗaga ɗansa ya ce, "Taɓa safar, taɓa!" Da aka buga ƙararrawa sau goma kamar yadda ake wa ɗan dambe in ya mutu, ba a kai ta ƙarshe ba wasu suka fara fito, kamar za a tashi sabon zagaye. Kai kuma kana tsaye kana karɓar hannun magajin gari. Na fita waje na tofar da yawu har bakina ya bushe.

Abu ɗaya Wendell ya roƙa a duk ciwon nan. Kada ka ƙara rubuto min.

Odessa

Mobile, Mayu

Dessa,

Ina gaishe ki ko ba za ki amsa ba.

Na hana, har na ɗaga wa Terrence sanda. Ya ce in ban so in koma Alabama. A ɗakin bayan na tarar da mai shirya gawa ya fito da ƙarfe. Hannun da ya dunƙule ba ya shiga safa, sai an karya yatsun ɗaya bayan ɗaya, kuma Terrence ya riga ya ce a karya. Na kore su duka. Na farke safar ta ƙasa da almakashi, na kifa ta a kan hannuwansa, na ɗaure igiyar yadda ba za a gane ba.

Abin da Wendell ya roƙa ban samo masa ba, kina da gaskiya. Amma da yatsunsa goma lafiya muka binne shi.

Yayanki,
Roscoe