Itatuwan da Muka Tuɓe wa Riga

Evora, Fotugal

Yaya Najiba,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Baba? Ki gaida Mama da mutanen Ain Draham.

Ni lafiya lau, abinci ne dai ba ya shiga. In kin sami mai zuwa, ki aiko mini da yajin harisa. Kullum ana yawo da mu ɗalibai gona-gona. Jiya wurin matse inabi a yi giya aka kai mu. Ban taɓa ba, murafun kwalaben na tsaya kallo, na ɓawon itacen fernan irin namu.

A dajinsu na nuna wa Amilkar, wani tsoho mai ɓare itace, hoton itatuwanmu da suka ƙone, a wayata. Ya ce, "Kwantar da hankalinka, ɗana. Wuta ba ta kashe fernan, ɓawonsa rigarsa ce. Yaushe kuka ɓare su?"

Na ce sati uku kafin gobarar.

Sai ya cire hularsa, ya miƙo mini wayata.

Yaya, kin tuna Baba ya ce a bar ɓarewar sai baɗi, ni na matsa. Har yanzu yana hawa tudun duba tsiro? Ki ƙyale shi ya hau. Ban san da wane baki zan gaya masa cewa ba za su sake tsirowa ba.

Allah Ya haɗa fuskokinmu.

Ƙaninki,
Munsif