Baba ya dawo mini da buhun wakena

Hajiya Anisa, don Allah ki agaza mini, kaina ya ɗaure kuma raina a ɓace yake.

Ni malamar makaranta ce a Ƙauran Namoda. Bankin da albashina ke shiga suka bi ni har ofis da katin bashi. Na ce a'a, ni 'yar Liman ce, mahaifina a Zurmi ko ƙanshin kuɗin ruwa ba ya so. Yaron bankin ya rantse cewa har kwana arba'in da biyar babu ko kwabo a kai. Na je na bayyana wa Baba, ya ce in dai haka ne, in yi.

Da kaka ta yi na ce bari in sayi wake in ajiye. To kin san mutanenmu, manomin Jangeru da ya kawo kaya kasuwar Shinkafi ba ruwansa da kati, shi dai ya ga kuɗi a tafin hannu. Sai na ciro kuɗi da katin a ATM na biya su. Da saƙon banki ya zo na ga sun rubuta mafi ƙarancin abin da zan biya, na biya har da ɗori. A kasuwa in ka rage bashi ai ka sayi mutunci, ko ba haka ba? Wa'adin bai ma cika ba na ga ruwa a kai. Wata na biyu ya ƙaru. Na je bankin, wata yarinya tana ta zuba mini Turanci tana nuna mini takardar da na sa wa hannu, sai ka ce ni na rubuta ta.

Duk wannan da sauƙi. Maigidana, Bilyaminu, wanda magana ba ta kwana a cikinsa, ya je gaida Baba ya kwashe labarin ya ba shi. Buhun da na aika wa Baba daga cikin waken ya dawo mini da shi a mota, ko bakinsa ba a kwance ba. Tun rasuwar Inna ni ke ciyar da shi, yanzu ko furata ba ya sha. Wannan ne ke cin raina. Hajiya, mi na yi? Banki ne suka cuce ni, ko ni ce sakarya?

Taku, Mai Wake, Ƙaura.

*

Mai Wake, ki kwantar da hankalinki. Ke ba sakarya ba ce. Yaron banki ya gaya miki rabin gaskiya, ke kuma kika cike sauran da al'adar kasuwa.

Rangwamen kwana arba'in da biyar ɗin nan na sayayya ne kawai, wato inda kika miƙa katin aka cire kuɗin kaya. Tsabar kuɗin da aka ciro, galibi ruwansu na fara hawa tun ranar, har da ladan cirewa. Tun kafin ki isa Shinkafi lissafi ya fara.

Sannan banki ba ɗan kasuwa ba ne da zai ga kin rage ya ce Allah ya yi albarka. Ƙaramin adadin nan yana hana su kira ki mai taurin bashi ne kurum. In ba a biya duka kafin ranar da suka sa ba, rangwame ya tashi. Ki kuma lura da "har" ɗin da yaron ya ce: ana ƙirga kwanakin daga farkon watan lissafinsu, don haka mai sayayya a ƙarshensa kwanakinsa kaɗan ne. Laifinsu ne da ba su fayyace ba, naki kuma sa hannu ba tambaya.

Kada ki jira wake ya yi tsada, ruwan ba ya jira. Ki sayar da abin da zai biya bashin kaf a makon nan, ki nemi shaida a rubuce, ki roƙi su yafe ruwan ko da ba lallai su yarda ba. Tunda masu sayar miki tsaba suke so, katin nan bai dace da sana'arki ba. Ki rufe shi, ki tambayi bankunan da ba sa mu'amala da ruwa. Hukuncin abin da ya wuce kuwa, malami yana gidanku.

Ki rage fushi da Bilyaminu, ya yi azarɓaɓi amma bai yi ƙarya ba. Shi kuma Baba, ina jin abin da ya fi yi masa zafi shi ne a bakin suruki ya ji. Kada ki sake aike. Ki je Zurmi da ƙafarki, ki durƙusa ki faɗa masa yadda aka yi, ki nuna masa an biya. Ki tafi da geron da kika saya da albashinki, ki dama masa da hannunki. Dattijon da ya gwammace ya kwana da yunwa, ya fi ki ƙosawa ki zo.

Allah ya warware miki, ya sa Baba ya karɓi ƙwaryar furar.

Hajiya Anisa