Na Jera Matattun Kwamfutoci Don A Ba Mu Tallafi

Anti, don Allah laifi ne mutum ya rufa wa wurin aikinsa asiri? Ki taimake ni, raina a ɓace yake. Ki yi haƙuri da rubutuna, a aji huɗu na tsaya.

Wata biyu ke nan da kawuna, direba a wata cibiyar bincike, ya samo min aikin shara a can. An ce binciken kwamfuta da sadarwa ake yi. Ni dai kwamfuta ɗaya na gani, 'yar ƙarama, ita ma Dakta, shugabar sashen, rufe ta take yi ta ɗora kofin shayi a kai. Daga allo sai alli. Manyan mutane su zuba wa allo ido awa biyu, wannan ya rubuta layi ɗaya, wancan ya goge. Na tambayi ɗalibin Dakta, ya ce shekara uku suna son tabbatar da cewa akwai lissafin da ba na'urar da za ta iya yin sa da sauri. Wai abin da ba zai yiwu ba suke nema!

Sai aka ce masu ba da tallafin bincike za su zo dubawa, in ba su gamsu ba a rufe sashen. Me za su gani, ƙurar alli? Ranar na yi sammako, na ja allunan uku na ɓoye bayan matakala, na kwaso tsofaffin kwamfutoci takwas daga sito, na goge su tas na jera. Har yau bayana ciwo yake.

Baƙin suka shigo. Wani mai tabarau ya danna ɗaya, shiru. Ya danna ta biyu, kyankyaso ya fito. Ashe Dakta ta rubuta musu cewa ba na'ura take buƙata ba, lokaci da ɗalibai kawai. Ta nemi allon da za ta yi bayani, babu. Da aka ɗauko, ashe garin ja kafaɗata ta goge rabin rubutun.

Suna tafiya ta ce min wawa a gaban kowa. Kawu ko gaisuwata ba ya amsawa, wai na zubar masa da mutunci. Ni da na yi don su! Wa ya taɓa zaunar da ni ya min bayani? Nan da sati biyu za a ji hukunci. So nake in je ofishin baƙin in ce ni ne. In je? Bari in tafi, ban share matakala ba, kuma yanzu ido na kaina.

Sabon mai shara

AMSA

Ɗana, kada ka je. Za su ɗauka turo ka aka yi, ka ƙara ɓata lamarin.

Ka yi kuskure, kuma ba ƙarami ba. Allon da ka ɓoye shi ne aikin. Saƙon da kake turawa ta waya yana isa lafiya ne saboda wasu sun tsaya gaban allo haka tun wayar ba ta zo ba. Sanin abin da na'ura ba za ta iya ba kuwa, a kansa ake gina makullan sirrin da ke cikinta.

Amma ni ma raina ya ɓaci. Dakta ba ta kyauta ba da ta zage ka cikin mutane. Wata biyu kana share musu ƙura, ba wanda ya ba ka minti biyar. Tsoronka kuma ba na banza ba ne: masu tallafi da yawa sai abin da za a ɗauka hoto suke ba kuɗi, mai alli ya yi ta jira.

Ka fara da kawunka, shi ya tsaya maka. Ka roƙe shi ya raka ka wurin Dakta, ka ba da haƙuri ba tare da "amma" ba, ka faɗi dalilinka. Ita za ta rubuta wa baƙin bayani, ba kai ba. Ka mayar da kwamfutocin sito. Daga yau, duk abin da ke da rubutu a jiki, tambaya kafin taɓawa.

Allah Ya huci zuciyarta, Ya sa tallafin ya fito, ka daɗe kana share ƙurar allin nan.