Zan Tafi Gidan Waya da Baƙin Zane

Baban Rahila,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Na san ba za ka karanta wannan ba. To, da kana da rai ma yaushe ka taɓa karanta saƙona har ƙarshe? Sai ka ce in faɗa maka da baki. Yau ga bakin, ba mai saurare, tun safe sai shiga da fita nake yi kamar wadda ta ɗora tukunya a wuta.

Labarin gida: citta ta sake ruɓewa a gona, akuyarka ta haifi biyu, Rahila ta famfare, tana dariya da wawulo irin na babarka.

Babban labarin kuwa, na samu tallafin karatu. Wata ƙungiya ce mai taimakon iyaye mata da ke riƙon yara su kaɗai. Maman zumuntar mata ta cocinmu ce ta tura ni Kafanchan, aka yi mana tambayoyi, na amsa. Za su ɗauki nauyin makaranta da ɗaki a kwalejin ilimi ta garin Gidan Waya, in ƙarasa karatun malanta da na ajiye lokacin cikin Rahila. Ban taɓa faɗa maka ba, amma duk sanda ka ce mini sai baɗi zan koma, bayan gida nake zagayawa in yi kuka. Ka sayi babur, ka yi rufin kwano, baɗin nan bai zo ba. Na ji haushinka sosai, kuma har yanzu kewarka ba ta bar ni na ci abinci da daɗi ba.

Ga inda gizo ke saƙar. Ranar Litinin ake komawa, ni kuwa baƙin zanen makokinka sai bayan Kirsimeti dangi za su taru su cire mini. Yayanka Dauda ya ce a gidanku, macen da ta kwashe kaya kafin a cire mata baƙi ta bar gida ke nan, ita kaɗai za ta fita, ɗiya ta gidan uba ce. Na roƙi masu tallafin su jira ni, suka ce akwai mata da yawa a layi. Fasto ya je ya yi wa Yaya magana, Yaya ya ba shi kujera da ruwa, amma ya tsaya a kan bakansa.

Me ka ce in yi? Zaman da zan yi a ƙofar ɗaki har Kirsimeti, zai dawo da kai? Wa zai biya wa Rahila makaranta, cittar da ta ruɓe? Kai kaɗai Yaya ke jin maganarka, sai ka tafi ka bar ni da shi.

Na yanke shawara. Ba zan gudu ta bayan gida ba. Litinin da safe zan ɗaura baƙin zanena, in riƙe hannun Rahila, in bi ta gaban Yaya in gaishe shi. Da baƙin zan zauna a aji, kowa ya san matar wa ce. In ya bar mu, mun tafi. In kuwa ya kama ɗayan hannunta, ba zan ja ba, yarinya ba igiya ba ce. Zan sauke jakata, a ba wata gurbina, kuma ban san ranar da zan yafe muku ba, kai da shi.

Ka huta lafiya, sai mun sadu a gaban Ubangiji.

Matarka har yanzu,
Maman Rahila