Baba a Faffaɗan Allo

Laraba, bayan isha'i

Yau Yaya Sani ya sa mana bidiyon marigayi Baba a faffaɗan allon kwamfutarsa. An tsayar da wayar ne aka ɗauka, ba a kwance ba, shi ya sa Baba ya fito a tsakiya yana buɗe wa shinkafa ruwa, hagu da dama baƙi ƙirin. Yaya ya ja hoton ya cika allon, sai Baba ya gajarce, ya yi ƙiba.

Inna ta ce, "Wannan ba Malam ba ne. Mayar min da shi yadda yake."

Ya mayar. Ni kuwa baƙin nake ta kallo. Ranar da aka ɗauka ina hagun Baba riƙe da fartanya, har dariyata ana ji. Ina nan cikin duhun, kusa da shi, ruwa bai gama cika fangalin shinkafar ba.