Kamarar Isufu ta kama ni

Gaya, daren Laraba

Na kasa barci. Ɗana Isufu ya sa wa motarsa kamara a gilashin gaba. Ba a wurin kunna taba ya jona ta ba, a ɗan ramin nan na ƙarƙashin bolan ne, wato sitiyari, inda mekanisiye ke sa na'ura ya gano ciwon mota. Wai can wuta ba ta yankewa ko an kashe mota. Ni tsorona kada ta shanye batir ya kwana a dajin Dioundiou. Ya ce in batir ya yi ƙasa, da kanta take mutuwa.

Ashe ba ta barci. Ɗazu ya miƙo mini wayarsa yana dariya. Sai ga ni a bidiyon kamarar da asuba, na duƙa ina tofa wa tayoyin gaba addu'a. Shekara ashirin na yi wa kamiyon babansa, babbar motar kaya, haka kafin ya kama hanyar Kwatano, yana cikin gida yana shan kununsa, har Allah ya karɓi abinsa bai sani ba. Lokacin ba mai ganina sai zakara.

Kunya ta rufe ni. Na ɗauka zai ce in bari, tsohon yayi ne.

Sai ya ce, "Inna, na baya fa? Su ba ƴaƴanki ba ne?"

Na ce, "Ja'iri, da su nake farawa."

Ya sunkuyar da kai.

Gobe ma zan fita. Amma sai na ɗaura ɗankwalin kirki.