Kitson Ranar Ziyara

Assalamu alaikum, angona na nesa.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya ƙara maka lafiya da buɗi. Mu nan kalau muke, in ka ɗebe gwiwoyina da suka yi mini yaji. Babanka na nan da tarinsa. Zanen da ka yi mini alkawari kuwa har yau shiru. Allah dai ya haɗa ni da miji marowaci.

Maganar ƙanwarka ce ta sa na ɗauki biro. Ranar ziyara na je gidan da ake raba ta da shan maganin tarin nan mai sa maye, wata biyu ke nan ba ta kurɓa ba. Na tarar da kanta kamar sheƙar tsuntsu, na ce ta zauna in kitse shi kafin kaji su yi ƙwai a ciki. Har ta yi dariya. Ina tsaga gashin sai yatsana ya faɗa a tabo, na matsa na sami wani, har huɗu. Ta ce ƙarfen bel ɗin mijinta ne. Ta ce yakan datse mata ƙofa da kwaɗo ya fita, ta fara sha ne don barci ya kwashe ta kafin ya dawo. Wata nas a gidan ta ce mini yawancin matan ɗakinsu kowacce da tabonta, wasu ba a jiki ba.

Mu kuwa muna ta cewa shan ne ya jawo dukan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sau uku tana gudowa wurina, sau uku ina yi mata tatsuniyar haƙuri, ina raka ta bakin titi. Na ƙarasa kitson nan ban ga abin da nake kitsawa ba.

Na ji ka yi waya ka ce mijin ya je ya sa hannu ya ɗauko ta ranar sallama, wai abokinka ne tun makaranta. Kada ka kuskura. Ni zan sa hannu, da rubutuna mai tafiyar tsutsa.

Babanka da gwaggonka da auta suna gaishe ka. Ka gaida mai ɗakinka da ta ƙwace mini kai. In ka zo, tabarmar falo ce taka, don na ba ƙanwarka ɗakinka. Kafinta ya cire kwaɗon waje, ya sa mata sakata daga ciki.

Taka har kullum, tsohuwa da ta gaji,
Kakarka